BIRI MAI GANGA: DABBAR DA KE KOYON SANA'A WURIN UWARTA

A can kudu maso gabashin Jihar Taraba, inda duwatsun Gashaka suka yi iyaka da ƙasar Kamaru, akwai wata dabba da mutanen wurin suke kira biri mai ganga. Turawa kuwa suna ce mata cimfanzi. Ta sami wannan suna ne saboda wata ɗabi'a tata: namiji yakan zo gindin wani babban itace mai saiwoyi masu faɗi kamar allo, ya yi ta dukansu da hannu da ƙafa yana ihu, har a jiyo amon daga nisan da ya kai kilomita guda. Da haka yake sanar da 'yan'uwansa inda yake da kuma inda ya nufa. Masu bincike a dajin Budongo na ƙasar Yuganda sun gano cewa kowane namiji yana da irin nasa salon kiɗa, har ana iya gane shi da shi.

Hausawa sukan ce biri ya yi kama da mutum. To, a cikin dukan dabbobin dawa da wuya a sami wadda maganar nan ta fi dacewa da ita kamar wannan. Ba shi da wutsiya, hannuwansa sun fi ƙafafunsa tsawo, kuma ƙaton namiji yakan kai nauyin kilo 40 zuwa 60. Sa'ad da masana kimiyya suka gama karanta ƙwayoyin halittarsa a shekarar 2005, sun tarar da kamannin da ke tsakaninsu da na ɗan Adam ya haura kashi 98 cikin 100. Amma abin da ya fi jan hankalin masana shi ne yadda yake zama cikin jama'a, da yadda kowace ƙungiya take da dabarun rayuwa nata na kanta waɗanda yara ke koya wurin manya. Wanda ya fahimci wannan zai gane girman hasarar da ake yi duk lokacin da wani daji ya ƙare.

ABIN DA AKA GANI A GOMBE

Kafin shekarar 1960, abin da aka sani game da wannan dabba a cikin dajinta kaɗan ne ƙwarai. A watan Yuli na shekarar ne wata Baturiyar Ingila mai suna Jane Goodall, tana da shekara 26, ta sauka a wani ƙaramin daji da ake kira Gombe. Kada mai karatu ya ɗauka Gomben Nijeriya ce. Wannan tana bakin Tafkin Tanganyika, a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya. Wani masanin tarihin asalin ɗan Adam, Louis Leakey, shi ya aike ta. Hukumar mulkin mallaka ta wancan zamani ta ƙi yarda ta zauna a dajin ita kaɗai, saboda haka mahaifiyarta ta raka ta.

Ta yi watanni dabbobin suna gudu da zarar sun hango ta. Ana nan, a ƙarshen shekarar, sai ta ga wani namiji mai furfura a gemu, wanda ta sa wa suna David Greybeard, yana zaune a bakin shuri. Ya tsinko ƙaran ciyawa ya zura cikin rami, ya ɗan jira, ya zaro shi cike da gara, ya suɗe. Daga baya ta ga yana karyo ɗan reshe yana zage ganyensa kafin ya yi aiki da shi. A lokacin nan masana sun ɗauka ɗan Adam kaɗai ke ƙera kayan aiki, don haka labarin ya girgiza su. Har ila yau ta ga suna cin nama, alhali a da an zaci 'ya'yan itace da ganye kawai suke ci. Gombe ta zama gandun daji na ƙasa a 1968, kuma binciken da aka fara a wurin bai tsaya ba har bayan rasuwar Goodall a watan Oktoba na 2025. Wani masani daga Jafan, Toshisada Nishida, shi ma ya kafa nasa sansani a duwatsun Mahale, kudu da Gombe, a 1965. Daga waɗannan wurare biyu aka sami yawancin ilmin farko.

ZAMAN JAMA'A DA SARAUTA

Birai masu ganga suna zama ne ƙungiya-ƙungiya, daga 20 zuwa sama da 100, kuma kowace ƙungiya tana da yankinta. Ba sa tafiya gaba ɗaya kamar garken shanu. Da safe sukan rarrabu uku-uku ko biyar-biyar su tafi neman abinci, in wani itace ya nuna su taru da yawa a kansa, sa'an nan su sake watsewa. In waɗanda suka daɗe ba su haɗu ba suka gamu, sukan rungumi juna, ko su miƙa hannu, ko ƙarami ya durƙusa yana gurnani a gaban babba. Da almuru kowa ya hau itace ya lanƙwasa rassa ya saƙa wa kansa gado, kullum sabo, ban da jinjiri da ke kwana jikin uwarsa.

Namiji yakan mutu a ƙungiyar da aka haife shi. Mace kuwa, in ta balaga, galibi takan bar gida ta koma wata ƙungiya, inda za ta sha tsangwamar matan da ta tarar kafin ta sami wurin zama. Mazan suna da matsayi hawa-hawa, da shugaba guda a samansu. Ƙarfi kaɗai ba ya ba da wannan sarauta. Mai nemanta sai ya tara magoya baya, ta hanyar zama yana tsefe musu gashi, da raba musu nama in an yi farauta, da tsaya musu in faɗa ya tashi. Sau da yawa maza biyu sukan haɗa kai su tuɓe wanda ya fi kowannensu ƙarfi.

Dabara ma tana da ranarta. A shekarar 1964, wani namiji a Gombe da ake kira Mike, wanda ba shi da wani matsayi, ya gano cewa garewanin kananzir da ba kome a ciki suna da ƙara mai ban tsoro. Sai ya riƙa gara su a gabansa yana gudu yana ihu, manyan maza suna tarwatsewa. Cikin 'yan watanni ya zama shugaba, kuma ya riƙe matsayin wajen shekara shida.

Zaman nasu yana da ɗaci kamar yadda yake da daɗi. A farkon shekarun 1970 ƙungiyar Gombe ta rabu biyu, ta arewa ana kiranta Kasakela, ta kudu kuma Kahama. Daga 1974 zuwa 1978 mazan Kasakela suka riƙa shiga yankin kudu a ɓoye, in sun sami ɗaya shi kaɗai su far masa, har suka ƙarar da mazan Kahama duka, alhali tare suka tashi. Tun daga nan an ga irin wannan sintiri na kan iyaka a wasu dazuzzuka. A gefe guda kuma, a dajin Tai na ƙasar Kwaddibuwa, wani rahoto na 2010 ya lissafa marayu 18 da wasu manya suka ɗauka suka rena, rabin masu renon kuwa maza ne.

UWA ITA CE MAKARANTA

Macen biri mai ganga ba ta fara haihuwa sai ta kai kimanin shekara 13 ko 14. Takan ɗauki ciki wata takwas, ta haifi ɗa guda, ta shayar da shi shekara huɗu zuwa biyar, kana ta sake haihuwa bayan shekara biyar ko shida. Ko bayan yaye, ɗan yakan ci gaba da bin uwarsa shekaru da dama. Shaƙuwar da ke tsakaninsu tana da ƙarfi ainun. A 1972 wata tsohuwa mai suna Flo ta mutu a Gombe. Ɗanta Flint, mai shekara takwas, ya daina cin abinci sosai, ya riƙa komawa inda ta mutu, kuma cikin wata guda shi ma ya bi ta.

Waɗannan shekaru masu yawa a gindin uwa su ne makarantarsa. A dajin Tai, inda Christophe Boesch ya fara bincike a 1979, birai suna fasa ƙwara mai tauri da dutse ko guntun itace, suna aza ta bisa saiwa ko wani dutse kamar yadda maƙeri ke aza ƙarfe kan uwar maƙera. Yaro yakan zauna yana kallon uwarsa, yana cin abin da ta fasa, yana wasa da gudumarta, kuma sai ya yi shekaru yana gwaji kafin hannunsa ya faɗa. A 2007 masu tonon kayan tarihi suka ba da labarin cewa sun sami irin waɗannan duwatsu a dajin waɗanda suka kai shekara 4,300, watau sana'ar ta daɗe tana bin jini daga uwa zuwa ɗa.

A Fongoli ta ƙasar Senigal, inda ƙasar ke da zafi da fili kamar arewacin Nijeriya, wata masaniya daga Amurka, Jill Pruetz, ta ba da rahoto a 2007 cewa birai suna fiƙe bakin sanda da haƙori su mai da ita mashi, suna sukar wata 'yar dabba mai manyan idanu da ke kwana cikin kogon itace da rana. Mata ne suka fi yin haka. In zafi ya tsananta kuma sukan shiga kogon dutse su huta. A Mahale kuwa, a 1987, Michael Huffman ya ga wata mace marar lafiya ta ɓare ƙaran shuwaka tana tsotse ruwansa mai ɗaci, washegari ta warware. Shuwakar nan ita ce dai wadda ake miya da ita, ake kuma sha don ciwon ciki a ƙasar nan.

A 1999 masu bincike daga wurare bakwai suka haɗa abin da suka gani, suka ƙirga ɗabi'u 39 waɗanda ake yi a wata ƙungiya amma ba a yi a wata, ba kuwa don rashin kayan yi ba. Suka ce wannan ya cancanci a kira shi al'ada.

NA GIDA NIJERIYA

Biri mai ganga iri huɗu ne, a warwatse cikin ƙasashen Afirka kimanin 21, kuma an ƙiyasta jimlarsu tsakanin 170,000 da 300,000. Akwai na yamma, da na tsakiya, da na gabas. Na huɗu shi ne na Nijeriya da Kamaru, wanda binciken ƙwayoyin halitta da Mary Katherine Gonder da abokan aikinta suka buga a 1997 ya nuna cewa iri ne dabam. Ana samunsa daga kudancin Nijeriya zuwa Kogin Sanaga na Kamaru, kuma shi ne mafi ƙaranci a cikin huɗun. Wani tsarin kiyaye shi da aka fitar a 2011 ya ƙiyasta waɗanda suka rage tsakanin 3,500 da 9,000.

Babbar mafakarsa a ƙasar nan ita ce Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 a jihohin Taraba da Adamawa. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu gandun da ya kai shi girma a Nijeriya, kuma a yankinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar. An ƙiyasta birai masu ganga da ke ciki sun kai wajen 1,000. Akwai kuma 'yan kaɗan a dajin Ngel Nyaki da ke kan tsaunin Mambila, da wasu a dazuzzukan Jihar Kuros Riba.

A shekarar 2000 wani shaihun malami Bajamushe daga wata jami'a ta Landan, Volker Sommer, ya kafa sansanin bincike a Kwano, cikin gandun, tare da ɗalibai da mutanen ƙauyen Gashaka waɗanda suka san dajin. Biran wurin ba su saki jiki da mutane kamar na Gombe ba, saboda haka yawancin abin da aka koya an same shi ne daga gadajen da suka kwana, da sandunan da suka yar, da kashinsu. Sakamakon ya ba da mamaki. Na Gashaka suna haƙar zuma da sanda, har da ta ƙananan ƙudan zuma marasa harbi da ke gida a ƙarƙashin ƙasa. Suna zura doguwar sanda cikin gidan kwarkwasa su kwaso su ci, rani da damina. Amma ba a sami alamar suna kamun gara ba ko da yake akwai shuri a dajin, kuma ba sa fasa ƙwara da dutse. 'Yan'uwansu na dajin Ebo a Kamaru kuwa, iri ɗaya da su, suna yin duka biyun. Ashe na Gashaka suna da tasu al'ada, kuma in suka ƙare babu wani gidan ajiye namun daji a duniya da zai iya mai da ita.

ABUBUWAN DA KE CIN SU

Tun 1996 hukumar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa biri mai ganga cikin jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu. Na yamma ya fi shiga uku, don an ƙiyasta ya ragu da kashi 80 cikin 100 tsakanin 1990 da 2014. Dalilan uku ne manya.

Na farko shi ne sarar daji, don noma da katako da haƙar ma'adinai. In daji ya yanke gida-gida, budurwar da ta isa barin ƙungiyarta ba ta da hanyar isa wata, sai ƙungiyar ta tsufa a wuri ɗaya. A Taraba, a tsakiyar shekarun 2010, an yi rububin sarar madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, ana fitar da ita zuwa ƙasar Sin. Kafin a sa itacen ƙarƙashin dokar cinikin duniya a 2017, an riga an yi ɓarna mai yawa, kuma hanyoyin da motocin katako suka buɗe sun zama hanyoyin mafarauta.

Na biyu shi ne farauta. Yawancin mazauna yankin Gashaka ba sa cin naman biri, wannan kuwa ya taimaka wajen wanzuwarsu, amma akwai kasuwar naman daji a wasu wurare da ke jawo maharba daga nesa. Tarkon waya da aka ɗana wa gada ko gyado yakan datse musu hannu ko ƙafa. Ga kuma masu sayar da jarirai ga masu sha'awar kiwo. Uwa ba ta sakin ɗanta tana da rai, kuma 'yan'uwa sukan tsaya kare ta, shi ya sa masana suka ƙiyasta cewa a kan kowane jinjiri guda da ya isa kasuwa, manya da yawa sun mutu, wani lokaci har goma. Ga dabbar da ke haihuwa sau ɗaya a shekara biyar, cike irin wannan giɓi yakan ɗauki shekaru masu yawa.

Na uku shi ne cuta. Saboda kusancin jikinsu da na mutum, abin da ke kama ɗan Adam yana kama su. Cutar shan-inna ta kashe wasu ta gurgunta wasu a Gombe a 1966, Ebola ta yi musu ɓarna a Tai a 1994, kuma murar da mutum zai yi kwana uku ya warke takan zama ajalinsu. Don haka ne ake tilasta wa masu bincike da baƙi su sa takunkumi su kuma tsaya aƙalla mita bakwai daga gare su. Cutar tana iya juyowa ta wancan gefe ma: binciken da aka buga a 2006 ya gano tushen ƙwayar cutar ƙanjamau a jikin birai masu ganga na kudu maso gabashin Kamaru, kuma masana suna ganin ta hanyar fiɗar namansu ta shiga mutane.

Akwai kuma wata hasara da ba ta fitowa a ƙidaya. A 2019 aka kwatanta ƙungiyoyi 144 a faɗin Afirka, aka tarar cewa inda mutane suka fi matsa wa daji, yawan dabarun da birai ke nunawa ya ragu da kashi 88 cikin 100. Watau tun kafin dabbar ta ƙare, ilminta yakan riga ta tafiya, domin in tsofaffi suka mutu babu mai koya wa yara.

ABIN DA YA RAGE A YI

Doka dai akwai ta. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar duniya ta 1973 kan cinikin namun daji, kuma tun 1985 gwamnatin tarayya ta kafa dokar da ta hana kamawa da kashewa da sayar da wannan dabba. A 2017 Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya mai zaman kanta ta 'yan ƙasa, ANI, don su gudanar da Gashaka-Gumti tare, aka ƙara ɗaukar masu gadin daji daga ƙauyukan yankin aka horar da su. Amma takarda ba ta tsare daji. Ma'aikacin kwastan a kan iyaka, da ɗan sanda a shingen hanya, da malamin daji mai ba da izinin sarar itace, da alƙalin da za a kai wa mai laifi, a hannunsu dokar take rayuwa ko ta mutu.

Wajibi ne kuma a tuna da mutanen da ke zaune a gefen gandun da kuma yankunan da aka keɓe wa makiyaya da manoma a cikinsa. In ba su ga amfanin dajin a rayuwarsu ba, ta fuskar aikin yi da makaranta da asibiti da maganin dabbobi, ba za a sami goyon bayansu ba, kuma babu yawan masu gadi da zai isa. Amfanin kuwa a fili yake. Daga duwatsun nan ne Kogin Taraba yake samun ruwansa kafin ya zuba cikin Binuwai, inda dubban masunta da manoman rani suke ci. Biran da kansu manoman daji ne, don sukan haɗiye 'ya'yan itace su kai irin nesa su zubar, ya tsiro.

Ga ɗaliban jami'o'i da kwalejojin ƙasar nan kuwa, fili a buɗe yake. Yawancin abin da duniya ta sani game da biri mai ganga baƙi ne suka rubuta shi, da taimakon mutanen ƙauye waɗanda sunayensu ba su cika fitowa ba. Ɗan Taraba ko Adamawa da ya karanta ilmin dabbobi ko na gandun daji, ga shi da harshen mutanen wurin, ya fi kowa dacewa da wannan aiki. Wanda ba wannan ne fanninsa ba, shi ma yana da abin yi: kada ya sayi jinjirin biri, kada ya ci namansa, in kuma ya ga ana sayarwa ya kai rahoto ofishin gandun daji mafi kusa. Allah Ya ba hukuma da jama'a ikon riƙe wannan amana.